Sharhi: Wace Irin Rayuwa 'Yan Ƙungiyar Illuminati Suka Yi?

 Yau sharhinmu zai leƙa kudancin Jamus na shekaru kusan 250 da suka wuce, domin a ga abin da mutum yake sha idan ya shiga ƙungiyar asirin da sunanta ya fi na kowace yawo a bakin jama'a.

A ranar 1 ga Mayu, 1776, a garin Ingolstadt na ƙasar Bavariya, wani malamin jami'a ɗan shekara 28 mai suna Adam Weishaupt ya zauna da ɗalibai huɗu suka ƙulla ƙungiya. Su biyar ne kacal, ba su da ofis, ba su da asusu. Sai bayan shekara biyu suka raɗa mata sunan Illuminati. Tambarin da suka zaɓa mujiya ce, wadda a ƙasar Hausa ba a yi mata kallon tsuntsuwar alheri, amma a wajen Girkawa da Rumawan da alamar hikima ce.

Abin da ya tunzura Weishaupt yana cikin jami'ar da yake koyarwa. Kusan shekara 200 malaman ɗariƙar Jesuit ta cocin Katolika ne ke riƙe da ragamar ilimi a Ingolstadt, kuma shi kansa a hannunsu ya yi karatu tun yana yaro. A 1773 Paparoma Clement na 14 ya rushe ɗariƙar, aka ba Weishaupt kujerar koyar da dokokin coci, kujerar da a da ta 'yan Jesuit ce. Sai dai rushe ɗariƙa bai kori malamanta daga jami'ar ba. Suna nan, suna yi masa zagon ƙasa, shi ma yana ramawa. A wancan lokacin littattafan masana falsafa na Faransa da Ingila, masu cewa a auna komai da hankali, sun cika Turai, amma a Bavariya hukumar tace littattafai tana tsaye a bakin ƙofa. Weishaupt ya yanke cewa tunda ba a barin a faɗi irin wannan magana a fili, to a koya wa zaɓaɓɓun matasa ita a ɓoye, a tura su manyan ofisoshi, wata rana mulki ya wayi gari a hannun masu irin tunaninsa ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

To, yaya ake shiga? Ba a cika takardar neman shiga. Ƙungiya ce take neman mutum. Wani ɗan ƙungiya zai ƙyalla ido a kan saurayi, ya ja shi a jiki, ya ara masa littafi, ya riƙa jefa masa tambayoyi a cikin hira yana auna amsarsa, yana kuma rubuta komai yana aika wa na sama da shi: iyayensa su wane ne, nawa yake samu, me yake so, me yake tsoro, ina rauninsa yake. Wanda aka fi nema shi ne mai shekara 18 zuwa 30, mai abin hannu, mai son karatu, kuma mai sauƙin lanƙwasuwa. Mata ba sa shiga. Yahudawa ma a tsarin farko an rufe musu ƙofa, haka nan rahiban coci. Ƙungiyar da ke da'awar 'yan'uwantakar ɗan Adam ta fara aikinta da jerin waɗanda ba ta so.

Idan saurayi ya nuna sha'awa, sai ya sa hannu a takardar alƙawarin cewa ba zai faɗa wa kowa ba, ko iyayensa, ko amininsa. Daga nan ya zama sabon shiga, kuma a wannan mataki mutum ɗaya tak ya sani a ƙungiyar, wato wanda ya jawo shi. Ana ba shi sabon suna daga tarihin mutanen da, a kuma ɗora masa aikin binciken rayuwar mai sunan. Weishaupt ya ɗauki sunan Spartacus, bawan nan da ya jagoranci tawaye a daular Rum. Na hannun damansa, Franz Xaver von Zwack, ma'aikacin gwamnati a Munich, ya zama Cato. Garuruwa ma an sauya musu suna: Munich ta zama Athens, Ingolstadt ta zama Eleusis, Vienna ta zama Rum. Kwanan wata da kalandar Farisa ake rubuta shi, wasu kalmomi kuma a musanya haruffansu da lambobi. Ma'aikacin gidan waya da ya buɗe wasiƙa zai ga Cato yana gaida Spartacus daga Athens, ya rasa inda aka dosa.

Bayan wannan ado, sauran duk aiki ne, kuma aiki mai gajiyarwa. Ana ba sabon shiga jerin littattafai: Seneca, Epictetus, Plutarch, Tacitus, in ya yi nisa a ƙara masa da marubutan Faransa irin su Helvétius. Dole ya riƙe littafin rubutu yana zuba abin da ya karanta da abin da ya lura da shi a halayen mutanen da yake hulɗa da su. Dole ya biya kuɗin ƙungiya. Kuma kowane wata dole ya miƙa wasiƙa a rufe, wadda suke kira Quibus Licet, yana bayyana abin da ya yi a watan, da yadda na sama da shi yake tafiyar da shi, da duk wani ƙorafi da yake da shi. Akwai ma hanyar da zai tsallake shugabansa ya rubuta kai-tsaye zuwa can ƙoli. Amsa kuwa takan dawo daga wani da bai sani ba, wani lokaci da yabo, wani lokaci da faɗa. Ta haka na sama yana sa ido a kan na ƙasa, na ƙasa yana kai rahoton na sama, kowa kuma yana kai rahoton kansa.

Kafin a ɗaga shi zuwa mataki na biyu, wanda ake kira Minerval, sai ya amsa tambayoyi a rubuce. Takardun da aka kama daga baya sun nuna cewa a cikinsu akwai tambayar ko ya yarda ƙungiya tana da ikon rayuwa da mutuwa a kan mambobinta, da ko zai yi biyayya idan aka umarce shi da abin da yake ganin bai dace ba. Akwai samarin da suka rubuta cewa sun yarda. Babu shaidar cewa ƙungiyar ta taɓa kashe kowa, amma wannan tambaya kaɗai ta isa ta nuna inda Weishaupt ya sa gaba.

A matakin Minerval ne mutum yake fara ganin fuskokin 'yan'uwansa. Suna taruwa a gidan ɗayansu, kowa da lambar mujiya rataye a wuya, a karanta wani abu daga littafin masu hikima, sannan wanda aka ba aikin rubuta maƙala ya tashi ya karanta, a yi muhawara. Maƙaloli da yawa daga cikin waɗannan suna nan har yau a ma'adanar takardu, kuma batutuwansu na tarbiyya ne da ɗabi'a da gyaran al'umma. Wanda ya zo da zumuɗin ganin tsafi sai ya tarar da ajin dare.

Can sama kuma binciken hali yana ƙara tsanani. Kafin a ba mutum ɗaya daga cikin manyan matakai, sai ya rubuta tarihin rayuwarsa ba ɓoye-ɓoye, 'yan'uwa kuma su zauna su cika doguwar takardar tambayoyi a kansa: yadda yake tafiya, yadda yake kallon mutane, yadda muryarsa take, yadda yake mu'amala da kuɗi da mata, har da yadda yake yi idan aka tashe shi daga barci ba zato. Ranar bikin ɗaga shi sai a karanta masa hoton kansa da abokansa suka zana, a gwada shi da abin da shi ya rubuta. Suna kiran wannan sanin kai. Mai hankali zai ga cewa wata fa'idar tana nan: wanda ya miƙa asirinsa a rubuce ba zai yi saurin juya baya ba.

A nan ne babbar tufka da warwarar ƙungiyar take. Weishaupt ya tsani 'yan Jesuit saboda biyayyar ido rufe da suke nema da yadda suke tona zuciyar mabiyansu, amma da ya tashi gina tasa ƙungiyar, tsarinsu ya kwafa. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Zwack ya zana yadda yake so abin ya kasance: mutum biyu a ƙarƙashinsa, kowanne da nasa biyu, haka har ƙasa, ta yadda daga ɗakinsa zai motsa mutane masu ɗimbin yawa ba tare da sun san shi ba. Ana koya wa saurayi ya yi tunani da kansa, a lokaci guda ana nema ya bi umarnin shugabannin da bai taɓa gani ba. Kuma ana yi masa ƙarya, domin ana nuna wa sababbin shiga cewa ƙungiyar tsohuwa ce, tana da manya a ƙasashe da dama. 'Yan majalisar ciki kaɗai suka san cewa malamin nan na Ingolstadt ne ya ƙirƙiro ta jiya-jiya.

Shekara biyu bayan kafuwarta mambobin ba su kai 30 ba. Wanda ya sauya lissafin shi ne Adolph Knigge, wani ɗan gidan sarauta daga arewacin Jamus da gādon bashi ya cinye dukiyar gidansu, mai zaƙin baki da sanin mutane. Ya shiga a 1780 da sunan Philo. Da ma shi ɗan wata ƙungiyar asiri ne mai suna Freemason, ya kuma san cewa zaurukansu cike suke da mutanen da suka gaji da rigingimun cikin gida. Ya shiga jawo su ba ƙaƙƙautawa. Da waɗanda ya jawo suka matsa masa lamba suna son a nuna musu manyan matakan da aka yi musu alƙawari, sai ya matsa wa Weishaupt. A farkon 1781 Weishaupt ya fito ya faɗa masa gaskiya: manyan matakan nan babu su, ba a ma rubuta su ba. Maimakon ya yi fushi ya tafi, Knigge ya zauna ya rubuta su da kansa, da bukukuwa da tufafi da muƙamai irin su limami da mai mulki. A 1782 ya halarci babban taron Freemason a Wilhelmsbad, inda ya samo Johann Joachim Christoph Bode na Weimar, wanda ya buɗe wa ƙungiyar ƙofar fadoji.

Daga nan sunaye masu nauyi suka fara shigowa. Shahararren marubucin Jamus, Goethe, ya shiga a 1783 da sunan Abaris, haka ma ubangidansa Carl August mai sarautar Weimar, da Ernst na 2 mai sarautar Gotha, da masani Herder. A Bonn, Christian Gottlob Neefe, malamin da ya koya wa Beethoven kiɗa, shi ne jagoran reshen garin. Akwai masanin tarihin da ya kafa hujja cewa Goethe da ubangidansa sun shiga ne domin su sa ido a kan abin da ake ƙullawa, wasu masanan kuma ba su yarda da shi ba. Ko ma mene ne, ba a san Goethe da wata rawar a-zo-a-gani a ƙungiyar ba. A ganiyarta, wajen 1784, ƙiyasin da ya fi yawa yana kai mambobin 2,000 zuwa 2,500, amma waɗanda masu bincike suka tabbatar da sunayensu ba su kai haka ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan gidan sarauta ne, mafi yawa kuma ma'aikatan gwamnati ne: alƙalai, malamai, hafsoshi, har da limaman coci.

Me ya ja su? Wasu da gaske ƙishin ilimi ne da son gyara. A ƙasar da ɗan talaka ba ya zama kujera ɗaya da basarake, samun zauren da za ka kira shi ɗan'uwa ba ƙaramin abu ba ne. Wasu kuwa hanya suke nema, domin an san 'yan ƙungiya suna tura junansu muƙamai, kuma sun yi nasarar kutsawa har cikin hukumar tace littattafai ta Bavariya da wata babbar kotu da ke Wetzlar. Wannan cusa-kai ne ya jawo musu baƙin jini, saboda duk wanda aka tsallake wajen ƙarin girma ya san wanda zai zarga. Samarin Munich kuma ba su iya riƙe baki ba, har ƙungiyar asirin ta zama abin hira a gari.

Rushewar ta faro daga ciki. Weishaupt da Knigge suka saɓa a kan wane ne mai faɗa a ji. Knigge ya zargi Weishaupt da mulkin kama-karya irin na 'yan Jesuit, Weishaupt ya ce Knigge ya cika ƙungiya da tarkace da bukukuwan banza. A tsakiyar 1784 Knigge ya fice. Kafin nan, a 1783, wani matashi mai suna Joseph Utzschneider ya fita shi da wasu abokansa, suka kai labari fada. A ranar 22 ga Yuni, 1784, mai mulkin Bavariya, Karl Theodor, ya haramta duk ƙungiyar da aka kafa ba da izininsa ba. A ranar 2 ga Maris, 1785, ya sake fitar da doka, wannan karon ya ambaci Illuminati da suna. A shekarar ne kuma Paparoma Pius na 6 ya rubuta cewa zama ɗan ƙungiyar bai dace da aƙidar Katolika ba. Weishaupt ya rasa kujerarsa ya tsere zuwa Regensburg, daga baya ya samu mafaka a Gotha.

A watan Oktoba na 1786 jami'an gwamnati suka binciki gidan Zwack a Landshut suka kwashe takardu, a 1787 gwamnati ta buga su littafi kowa ya saya ya karanta. A ciki akwai jerin sunaye, da wasiƙun Spartacus, da shawarar kafa reshen mata da ba a taɓa aiwatarwa ba, da rubutun Zwack a kan batun mutum ya kashe kansa. Wani kundin da ya biyo baya ya fito da wasiƙar da Weishaupt yake neman yadda za a zubar da cikin da ya yi wa 'yar'uwar matarsa da ta rasu. Mutumin da ya shekara tara yana tara asirin wasu sai ga nasa a kasuwa. A watan Agusta na 1787 aka sanya hukuncin kisa ga duk wanda aka kama yana jawo mutane cikin ƙungiyar, ko da yake ba a zartar da shi a kan kowa ba.

Ƙananan mambobi su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. An kori wasu daga aiki, an kori ɗalibai daga jami'a, an tsare wasu na ɗan lokaci, wasu suka bar ƙasar. Masu sarauta kuwa ko gezau. Wani matashi cikin waɗanda suka bar Munich, Maximilian von Montgelas, ya dawo a 1799 a matsayin babban minista, ya riƙe Bavariya har 1817, ya ƙwace kadarorin gidajen rahibai, ya ba 'yan Furotesta 'yancin zama daidai da Katolika. Wani ɓangare na burin Weishaupt ya cika a hannunsa, amma ta hanyar doka da ofis a fili, kuma gwamnatin da yake jagoranta ta sabunta haramcin ƙungiyoyin asiri. Weishaupt kansa ya zauna a Gotha yana rubuta littattafan kare kai da kusan ba mai karantawa, har ya rasu a 1830. Bode ya yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage a Weimar da Gotha, amma kafin rasuwarsa a 1793 ƙungiyar ta riga ta mutu.

Sunan ne ya ƙi mutuwa, kuma juyin juya halin Faransa na 1789 ne ya busa masa rai. Mutanen da suka kasa yarda cewa yunwa da bashi da zalunci za su iya kifar da sarauta sun nemi wani ɓoyayyen hannu. A 1797 wani limamin Faransa da ke gudun hijira a Ingila, Augustin Barruel, da wani farfesa a Edinburgh, John Robison, kowanne ya fitar da littafi yana ɗora alhakin juyin a kan Illuminati, suna dogaro da takardun nan da gwamnatin Bavariya ta buga da kuma wata tafiya da Bode ya yi zuwa Paris a 1787. A 1798 wani fasto mai suna Jedidiah Morse ya hau mumbari a yankin Boston ya ce sun shigo Amurka. Ba a kama ko mutum ɗaya ba. Dalar nan mai ido da ke bayan takardar dala ɗaya, wadda ake yawan nunawa a bidiyo, ɓangare ne na hatimin Amurka da aka amince da shi a 1782, aka ɗora ta a kan kuɗin a 1935, kuma shekarar 1776 da ke gindinta ta shelar 'yancin Amurka ce. Littattafan ƙagaggun labarai na shekarun 1970 da na Dan Brown na shekarar 2000 suka ƙarasa aikin, intanet ta ɗauka daga nan.

Takardun ƙungiyar na ainihi kuwa ba a ɓoye suke ba. Waɗanda Bode ya bari sun yi yawo daga Gotha zuwa Suwidin, suka dawo, 'yan Nazi suka ƙwace su, sojojin Tarayyar Sobiyet suka kai su Mosko, kuma yanzu mafi yawansu suna ma'adanar takardu a Berlin, inda masu bincike ke karanta su. Rahotannin wata-wata ne, da maƙaloli, da ƙorafe-ƙorafen waɗanda ba su biya kuɗin ƙungiya ba.

Wannan batu ya shafe mu ne ta wata hanya guda. A Najeriya da Gana da maƙwabtansu ana ta yaɗa saƙonni a Facebook da WhatsApp da sunan wakilan Illuminati, ana yi wa matasa alƙawarin mota da gida da miliyoyi idan sun biya kuɗin rajista. Masu sauraro, ƙungiyar da ake kiran sunanta ta rushe fiye da shekara 230 da suka wuce, kuma ko a lokacin da take raye ba ta raba wa mambobinta dukiya ba, su ne suke biyan ta. Duk wanda irin wannan saƙo ya shigo wayarsa, 'yan damfara ne suke magana da shi. Kada ya tura musu ko kwabo, kada ya ba su hotonsa ko lambar asusunsa, ya kuma gargaɗi ƙannensa da 'ya'yansa.